Saran Farko a Kabarin Mama Babba

Matan zumuntar coci ne suka fara isowa. Kafin in iso daga Kaduna sun share tsakar gida, sun jera bencin coci a gindin mangwaro, sun ɗora tukunyar kunu, sun yi kukansu sun gama har sun koma waƙa. Haka abin yake a ƙauyenmu na gindin duwatsun Kagoro: wanda ya zo daga nesa yakan tarar an gama kuka, sai ya yi nasa shi kaɗai, a kunyace. Ina sauka daga mashin sai wata tsohuwa da ban gane ba ta cafke ni, ta ce, "Mama ya tafi ya bar mu, 'yata. Yanzu wa zai riƙa zagin mu?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta share ido da bakin zane ta koma wajen tukunya.

Kowa da abin da ya rasa. Mai man ja ta kasuwar Kafanchan ta zo takanas, ta ce tunda take ba wanda ya taɓa kushe mata mai kamar marigayiyar, kuma ba ta taɓa ganin ta saya a wani tebur ba. Fasto ya ce daga yanzu zai ja wa'azi iya son ransa, tunda mai yi masa tari idan ya zarce ta tafi. Da murmushi ya faɗa. Samarin da take kora daga gidan burkutu da sanda su ne suka kafa rumfa, ba wanda ya sa su. Na zauna ina amsa "sannu da haƙuri" har bakina ya bushe, ina lura da abu guda: duk wanda ya gaishe ni sai ya leƙa bayana. Babana suke nema, shi kuwa bai zo ba.

Yayar babana ce. Mama Babba muke ce mata, mu da 'ya'yan ƙanen babana, wanda muke kira Baba Ƙarami. Su uku ne a wajen iyayensu, ita ce ta fari. Ta yi aure a wajen Zonkwa, mijin ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu har ya taka ƙasa, sai ta kwaso tukwanenta ta dawo gidan ubanta, ta zauna tare da Baba Ƙarami da iyalinsa har ƙarshen ranta. Da safe ta rasu, a zaune a bakin ɗakinta, da ganyen da ta yanko wa awakinta a cinya. A takardar da aka buga don jana'iza an rubuta cewa mace ce mai tsoron Allah, mai son zaman lafiya, wato abin da aka rubuta wa duk wata tsohuwa da na taɓa zuwa jana'izarta. Ba ta bar ɗan da zai gyara wannan ba. Shi ya sa na zauna rubutun nan, ko da yake a gajiye nake, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Bari in fara da abin da ya hana a binne ta da wuri. A gidanmu ba a haƙa kabari sai babban namijin gida ya ɗauki diga ya yi saran farko da hannunsa, sannan samari su karɓa. Babban namiji shi ne babana. Babana kuwa ya kusa shekara arba'in bai taka cikin gidan nan ba.

Lokacin da kakanmu ya rasu, Baba ma'aikacin reluwe ne, an tura shi wata tasha mai nisa. Ba waya a lokacin, ba mutuware, wato ɗakin ajiyar gawa, kusa. Aka aika, saƙo ya makara, jirgin da ya hau shi ma ya makara, ya iso ya tarar an riga an rufe ubansa, kuma Baba Ƙarami ne ya yi saran farko. Ina ƙarama, ban gani ba, amma an ba ni labarin har na haddace: Baba ya tsaya a bakin ƙofa da akwatinsa a hannu, ya ce tunda gida ya sami sabon babba, shi ya zama baƙo. Ya juya. Tun daga ranar, idan biki ko rasuwa ta kawo shi ƙauye, a coci yake tsayawa, ya gaisa da kowa ya koma Kafanchan, inda muke zaune. Sun sha haɗuwa da ƙanensa a sujada, sun ci Jibin Ubangiji a layi ɗaya, ba su ce wa juna sannu ba.

To ga Mama Babba kwance a mutuware a Kafanchan, ga wurin kabarinta a bayan ɗakinta kusa da na ubanta, kuma ba mai taɓa ƙasar sai Baba ya shigo. Baba Ƙarami ya ce ko za a shekara ana jira, hannunsa ba zai sake riga na yayansa ba.

Ni idan aka ce Kirsimeti, ba sabon kaya nake fara tunawa ba. Ita nake gani tana shigowa kwatas ɗin reluwe ana gobe biki, da langa a ka, an ɗaure da tsohon ɗankwali. Tun daga bakin layi take fara faɗa. Ta ga shara, ta ga yaro da majina, ta ga mamata ta rame. Sai ta sauke langar a gaban Baba ta ce, "Mai Jirgi, ƙanenka ya ce in kawo maka." Cinyar akuya ce, guda, an shafe ta da gishiri da citta. Baba ko kallo ba ya yi. Yakan ce, "A ajiye," ya ci gaba da karatun jarida. Amma da yamma za ka ji shi yana goge takalmi yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, washegari kuma shi ke cin rabin naman. Wani lokaci yakan ce wa mamata, yadda za mu ji, "Yaron nan ya san abin da ya yi. Bari dai ya ci gaba."

A wajenmu ba a mayar da kwanon Kirsimeti wayam, ko da na wanda ba ka shiri da shi ne. Don haka mamata takan cika langar da shinkafa, ta haɗa da sabulu da gwangwanin madara a ƙulli, Baba ya ce ba tare da ya ɗago ba, "A kai wa wancan." Washegarin biki Mama Babba ta ɗora kaya, ta tasa mu gaba, ni da ƙannena, sai ƙauye. Baba bai taɓa hana mu zuwa ba, wannan kam a ba shi. Bayan bikin sabuwar shekara na Kagoro ta dawo da mu, langar kuma cike da acca daga rumbun Baba Ƙarami. Haka kowace shekara, har jirgi ya yi wuyar gani a Kafanchan, har Baba ya yi ritaya ya koma ɗan gidan da ya gina, har ƙafarta ta daina kai ta bakin titi sai dai mashin ya ɗauke ta daga ƙofar gida. An sha ce mata ta huta, ta ba wani jikan gida ya kai. Ta ce saƙon manya ba a ba yaro.

Hutun nan da muke ɗoki kuwa, sunansa ne hutu. Lokacin citta ne. Tun da sassafe take tashin mu, ta zube mana buhu a kan dutse, ta miƙa mana wuƙaƙe marasa kaifi mu yi ta tsagawa muna shanyawa. Hannu ya yi ta zafi, wanda ya manta ya sosa ido ya sha kuka. Idan muka ce ai hutu muka zo, sai ta ce, "Hutu? Wane aiki kuka yi da za ku huta? Zama a benci?" Amma ita ce kuma ke ɓoye mana ƙanzon shinkafa, ita ke gasa mana gwaza a toka, ta ɓare da yatsunta da ba sa jin wuta, tana hurawa tana zagin iyayenmu da suka bar mu muka zama kamar tsinke. Ɗakinta hayaƙi da daddawa yake yi. Duk yaran gida a nan muke kwana, a tabarma ɗaya, ƙafar wani a bakin wani. Har yau idan na kwance ƙullin daddawa a kicin ɗina a Kaduna sai na ɗan tsaya.

Ba ta iya waƙa ba, kuma ba ta sani ba. A zumunta muryarta ce ke fita daban, tana gaba ana binta ko tana baya ana jiranta, ba wadda ta isa ta gaya mata. Addu'arta kuwa gajera ce, shi ya sa mu yara muke so a ba ta kafin cin abinci. "Ubangiji, ka gan mu. Ka san sauran. Amin." Idan wani dattijo ya ja addu'a a coci har abin ya ishe ta, takan ce amin da ƙarfi a tsakiya, wasu su buɗe ido su zauna, dattijon ya rasa inda ya tsaya.

Wata shekara muka yi faɗa da 'yar Baba Ƙarami, sa'ata, a kan dutsen shanya. Ta ce, "Babanku tsoron babanmu yake, kullum sai ya aiko shinkafa." Na ce ƙarya take, babansu ne ke aiko nama yana ba da haƙuri. Ta ce wane nama. Kafin in buɗe baki Mama Babba ta iso kanmu, ban san daga ina ba, ta ba ni ranƙwashi ta ba ta, irin wanda ban taɓa sha ba. Ta ce, "Bakin yaro ba ya shiga maganar kwano. Na sake ji, sai na yanke harshenku na shanya da citta." Da yamma ta ba mu dafaffen ƙwai ɗaya-ɗaya, abin da ko ranar Kirsimeti ba ta bayarwa, mu kuwa muka manta da zancen.

Alherinta ba ya zuwa da magana mai daɗi. Lokacin da na rasa ɗana na fari, kwana kaɗan da haihuwa, mutane sun cika mini ɗaki da ayoyi. Kowa ya buɗe Littafi ya karanta mini inda ya ga dama, ni kuwa ji nake kamar in tashi in ruga. Ta zo daga ƙauye, karo na farko da ta taka Kaduna, ba ta ce mini sannu ba. Ta sallami baƙi, ta dafa ruwa ta gasa mini jiki, ta tattara kayan jaririn ta kai inda har yau ban sani ba. Ta dama kunun acca ta ajiye a gabana ta ce, "Sha. Kukan ma ƙarfi yake so." Ta zauna a bakin gado tana gyaran wake. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Nawa uku ne."  Ta daɗe a wurina, kullum tana kushe ruwan famfonmu.

Mun taɓa ɓatawa da ita sosai, bayan na girma na fara koyarwa. Na ga ta sauko daga mashin ana gobe Kirsimeti, ƙafa a kumbure, ta rungume langa, raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, har yaushe za ki yi ta yawo tsakanin tsofaffi biyu? Ki zaunar da su ki gaya musu gaskiya mana. Ke ce babba." Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ba babanki ba ne? Ga shi can, je ki zaunar da shi. Ni kaina ya saba da kaya, ki bar ni da abin da na iya." Na ce wannan ba sulhu ba ne, kiwon girman kai ne. Ta ce, "To, Malama." Ta yi watanni tana kirana Malama, ko a waya, kuma a bakinta wannan ba yabo ba ne.

In koma ga zaman makoki. Fasto da dattawan ekklisiya suka kira mitin na iyali a ajin Lahadi na coci, tunda nan kaɗai Baba zai yarda ya zauna. Na je Kafanchan na ɗauko shi da mamata. Baba Ƙarami da matarsa na gefe ɗaya, mu muna ɗaya gefen, a kan bencin yara, gwiwoyin tsofaffi sun kusa taɓa haɓa. Baba da shirinsa ya zo. Ya miƙe, ya gyara murya kamar mai sanar da isowar jirgi, ya ce:

"Zan shiga gida in yi wa yayata abin da ya kamata. Kuma ba don komai ba sai don yaron nan ya daɗe yana neman gafara. Kowace Kirsimeti cinyar akuya, bai taɓa fashi ba. Ni ma mutum ne. Na yafe."

Fasto har ya ɗaga hannu zai ce halleluya. Baba Ƙarami, yaron nan da furfura ta gama cinye masa kai, ya ce, "Wane cinya?"

"Cinyar da kake aiko mini."

"Ni? Ni ko kunnen akuya ban taɓa aika maka ba. Kai ne kana aiko shinkafa da sabulu kowane shekara kana lallashi na. Ni acca kawai na ke mayar, don kwano ba ya koma haka."

Matarsa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yesu. Akuyan Mama ne fa. Kowane Kirsimeti Mama ya ke yanka nashi, ya cire cinya ɗaya ya ce zai kai ma yaran Kafanchan. Mu mun ɗauka kyauta nashi ne kawai."

Wani dattijo ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ni kuwa sai na ji tsohon ranƙwashin nan a tsakar kaina. Magana guda Mama Babba take ƙarawa a hanya, sau ɗaya a shekara, sauran aikin duk al'adar kwano ke yi mata: wannan ya ɗauka wancan ne ya fara, wancan ya ɗauka wannan ne. Baba ya ɗauki hularsa. Ya ce to, tunda ba wanda ya nemi gafara, ba abin da zai yafe. Baba Ƙarami ya ce dama shi bai roƙa ba. Suka fita ta ƙofa ɗaya, don ajin ƙofa ɗaya gare shi, kowa na kaffa-kaffa kada kafaɗarsa ta taɓa ta ɗan'uwansa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Safe ina Kafanchan ina roƙon Baba, yamma ina ƙauye ina roƙon Baba Ƙarami, bayana ya ƙage da hawan mashin. Izinin da aka ba ni a makaranta ya ƙare na roƙi ƙari. Ƙannena na Abuja da Jos sai waya suke yi suna tambayar rana, tela na jira, an riga an sayi anko, kamar ni ke riƙe da digar. Matan zumunta suka ragu, daga cika tsakar gida suka koma benci ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba, citta ta isa haƙa kuma kowa na da gonarsa. Akuyar da Mama Babba ta ware don bana na ɗaure a turke tana damun mutane da kuka, ba wanda ya san abin da za a yi da ita. Fasto ya kawo shawarar a kai ta maƙabartar coci, inda ba ruwan kowa da saran farko. Wannan ne kaɗai abin da tsofaffin nan suka haɗu a kansa, kowa daga inda yake: sun ƙi. Yayarsu kusa da ubanta za ta kwanta.

Na je ganinta a mutuware. Suka jawo ta, ta ƙanƙance, bakinta a rufe, abin da ban saba gani ba. Gaskiya haushinta na ji. Na tsaya ina ce mata a zuci, kin gani ko? Kin ba kowannensu abin da zai riƙe ya ce shi ne da gaskiya, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin takowa. Da kin bar su da kewar juna, wataƙila da tuni ɗaya ya karaya. Sai wata zuciyar ta ce, in ba don zirga-zirgarta ba da ban san ɗakin kakana ba, da 'ya'yan Baba Ƙarami baƙi ne a wurina. Har na fito ban raba wannan gardama ba, na hau keke mai ƙafa uku na koma gidan Baba.

Mamata ce ta karya abin, ita da ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba. Ina zaune a falo na rasa sabon abin faɗa, Baba ya sake maimaita cewa an yaudare shi shekara da shekaru. Mama na tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba, ta ce:

"Kai kaɗai aka yaudara. Ni tun shekaran farko na sani. Ƙanenka ya iya shafa ma nama citta? Hannun mace ne."

"Kika yi shiru?"

"Na ga kana ci kana waƙa, in ce me? Baban yara, naman nan ka ci ko ba ka ci ba?"

Ta ci gaba da tsintarta, ta ƙara da cewa:

"To mai akuyan tana can cikin firji kamar kifi. Ka ci nata shekara da shekaru. Ka je ka sara mata ƙasa, in ya so ka dawo ka ci gaba da fushinka. Ba wanda zai ƙwace maka shi."

Baba ya juyo gare ni. Sannan ya ce in gaya wa Fasto jibi.

Da hantsi muka isa. Ya ɗan jima a bakin ƙofar gidan ubansa, jama'a na kallonsa, sannan ya sunkuya ya shiga. Bai gaisa da kowa ba. Aka zagaya bayan ɗakin Mama Babba, inda kabarin kakanmu yake da sumuntinsa da ya tsattsage. Baba Ƙarami na tsaye can gefe, hannu a baya. Fasto ya yi addu'a, aka miƙa wa Baba diga.

Ƙasar Disamba ce, ja, ta bushe kamar daɓe. Baba ya haura tamanin. Da ƙyar ya ɗaga digar ta kai kafaɗa, ya sake ta, ta yi tsalle ta bar ɗan tabo. Ya sake ɗagawa, ta rinjaye shi, sai da na tare shi ta baya. Wani dattijo ya ce, "Ya isa, Baba, ka taɓa. Bari yara su karɓa." Samari suka matso. Baba ya ƙi sakin ƙotar. Yana haki ya miƙa ta gefen da ƙanensa yake, bai dube shi ba, ya ce, "Ungo. Ai kai ka saba."

Na runtse ido. Na ce a raina shi ke nan, yau ma a mutuware za ta kwana.

Baba Ƙarami ya tako a hankali ya karɓa. Bai sara ba. Ya dogara da digar, ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Na jira ka, Yaya. Na zauna a ƙofan ɗakin Baba na hana kowa taɓa ƙasa. Na ce sai ka zo. Har ya kumbura, ƙuda ya cika ɗaki, mata ba su iya shiga. Shi ne yayanmu ta ja ni nan bayan ɗaki, mu biyu, ta sa mini diga a hannu. Ta ce in ban sara ba ita za ta sara da kanta, mace, gari ya zo ya gani."

Baba ya ce, "Ita?"

"Ita."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Da na faɗa, za ka bar ta ta shiga gidanka?"

Baba ya laluba ya zauna a kan sumuntin kabarin ubansa. Ya cire hula ya riƙe. Ko Fasto bai nemi aya ba. Can Baba ya ce, "Sara."

Baba Ƙarami ya sara, ƙasa ta buɗe, samari suka karɓa. Ba zan ce sun shirya ba, don ban ga sun rungumi juna ba, ban kuma ji wani ya ce yi haƙuri ba. Abin da na gani shi ne Baba bai tashi ba har masu haƙa suka nutse zuwa ƙugu, ƙanensa kuma bai koma gefe ba, yana tsaye kusa da shi rana na dukansu su biyu. Washegari muka kawo ta gida.

Duk rayuwata ban taɓa jin matar nan ta ba wani haƙuri ba, ashe kusan shekara arba'in ta yi tana bayarwa, da ƙafarta. Mama Babba, kin gaji, mu ne ba mu gani ba sai a makare. Ubangiji ya karɓe ki, ya zaunar da ke, ki huta.